Daga PTT zuwa Niger Telecom: wa ke riƙe da littafin lissafi?

A cikin watan Mayu na shekara ta 2012, majalisar dokokin Nijar ta zauna a Yamai, ta amince da dokar da ta mayar da kamfanin SONITEL da reshensa na wayar salula, wato SahelCom, a hannun gwamnati baki ɗaya. Bisa takarda, tun daga wannan rana kowane ɗan Nijar, daga manomin albasa na Galmi har zuwa makiyayin da ke bin raƙumansa a arewacin Tanut, ya zama mai rabo a cikin kamfanin waya. To, mai rabo a cikin kasuwanci an san haƙƙinsa, ko a babbar kasuwar Maraɗi ko a kasuwar Dole ta Damagaram: idan shekara ta zagayo a zaunar da shi, a buɗe littafi, a ce ga uwar kuɗi, ga abin da ya shigo, ga abin da aka kashe, ga waɗanda ake bi bashi, sannan ga riba ko ga faɗuwa. Kamfanin wayar gwamnati ya sauya suna, ya sauya hannu, an sayar da shi, an karɓo shi, an sake ƙoƙarin sayar da shi, amma zaman lissafi gaban masu abu bai taɓa zama al'adarsa ba. Dalilin haka kuwa ya girmi wayar salula nesa ba kusa ba.

Kalmar "waya" kanta tana tuna wa mai ji asalin abin. Kafin ta zama ƴar na'urar da ake sakawa aljihu, waya ƙarfe ce siririya da aka ɗaure bisa turaku, tana bin hanya daga bariki zuwa bariki. Faransawa ne suka ja ta a farkon ƙarni na 20, domin saƙon tangarahu ya riƙa gudu tsakanin bakin kogin Isa da Damagaram, wadda ita ce cibiyar mulkinsu daga 1911 har 1926, shekarar da aka mayar da mulkin Yamai. Irin wannan aiki, na sarar itatuwa da ɗaukar su a ka da haƙar ramuka, a wuyan talakawa yake, ƙarƙashin aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Amma wayar ba tasu ba ce, ta kwamanda ce da soja da ƴan kasuwar Turai. Lissafinta kuma sama yake hawa: daga shugaban gidan waya zuwa gwamna, daga gwamna zuwa Dakar, daga Dakar zuwa Paris. Ba a shata masa wata hanya da zai bi ya sauko wurin wanda ya biya lanho ba. Ranar 3 ga watan Agusta 1960, Nijar ta gaji turakun da wayoyin da ma'aikatan PTT, ta kuma gaji wannan tsani da ake hawa ba a saukowa.

Gwamnatin Jori Hamani ta kafa kamfanoni da ofisoshin ƙasa masu yawa, kuma adalci ne a ce tana da hujja. Ƴan ƙasa masu babban jari kaɗan ne a lokacin, saye da sayarwa na hannun gidajen kasuwar Faransa, in gwamnati ba ta sa hannu ba to ba mai sawa. Haka aka sami SONARA ta cinikin gyaɗa a 1962, da COPRO-Niger, da bankin BDRN, da NIGELEC ta wutar lantarki, gidan waya kuma ya zama ofishi mai cin gashin kansa da ake kira OPT. Tsofaffin ƙasar Magarya da Matamaye da Tasawa sun san SONARA fiye da kowa. Manomi ya san kuɗin da aka ba shi a bakin sikeli, amma bai san kuɗin da gyaɗarsa ta yi a tashar jiragen ruwan Faransa ba, bambancin da ke tsakani kuma ana ce masa ya tafi aikin gina ƙasa. Wani sashe ya tafi can ɗin, babu musu. Nawa ne ya tafi, nawa ne ya ɓace a hanya, wannan ba tambayar da ake yi ba ce a zamanin jam'iyya ɗaya, balle a zamanin soja da ya biyo baya daga 1974.

Sai da bankin BDRN ya durƙushe a 1990, da basussukan da manya suka ci ba su biya ba, sannan babban taron ƙasa na 1991, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, ya kafa kwamitin binciken laifuffuka da almundahana. A karo na farko mutanen karkara suka ji ana ambaton sunayen kamfanonin ƙasa da miliyoyin da suka salwanta ta bakin rediyo. Abin alheri ne, sai dai ya zo ne bayan gara ta gama cinye rumbu. Daga nan aka sami wata ɗabi'a wadda za ta bi kamfanin waya har yau: littafin kamfanin gwamnati ba ya buɗuwa gaban jama'a sai ranar da aka zo zaman makokinsa.

Yaya wayar take a ƙarshen wancan ƙarni? Wajen shekara ta 2000, layukan tarho na girke a duk faɗin ƙasar ba su wuce dubu 20 da ƴan kai ba, ga jama'ar da ƙidayar 2001 ta same su miliyan 11. Mafi yawan layukan suna Yamai, a ofisoshin gwamnati da gidajen manya da na baƙi. Malamin lakkol da aka tura ƙauye, in yana son jin labarin gida, wasiƙa yake ba direban mota, ko ya saurari sanarwa a rediyo, ko ya jira ranar da zai shigo gari karɓar albashi ya bi layi a shagon buga waya. A 1997 aka raba waya da aikin wasiƙu, aka haɗa sashen sadarwa na OPT da kamfanin STIN mai kula da kiran ƙasashen waje, aka kira sabon kamfanin SONITEL. Shi kaɗai ne a fili, ba abokin takara, kiran waje kuma da tsada yake. Duk da haka ba shi da ƙarfin faɗaɗa aikinsa. Ciwon da ke cin irin waɗannan kamfanoni a ƙasashe da yawa sananne ne: gwamnati ita ce mai kamfani, ita ce babbar mai saye, ita ce kuma ba ta biya kan lokaci. Darektan da minista ya naɗa ba zai yanke wayar ofishin ministan ba. Bashin sai ya zauna a littafi a matsayin dukiyar da ake jira, shekara da shekaru, alhali aljihun kamfani wayam.

A watan Oktoba na 1999, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Dauda Malam Wanke ta fitar da dokoki biyu, ɗaya ta buɗe fagen sadarwa ga ƴan kasuwa, ɗaya ta kafa hukumar sa ido mai suna ARM. Bankin Duniya na bayan wannan tafiya, kamar yadda yake bayanta a maƙwabta. A ƙarshen 2000 aka ba Celtel da Telecel lasisin wayar salula, a watan Disamba na 2001 kuma aka sayar da kashi 51 cikin 100 na SONITEL ga haɗin gwiwar kamfanin ZTE na ƙasar Sin da kamfanin saka jari na Libiya mai suna LAAICO. An ba masu sayen takardar sharuɗɗa, su ƙara layuka, su gyara na'urori, su kai waya garuruwan da ba ta kai ba, a madadin haka aka bar musu wayar girke ba abokin takara har ƙarshen 2004. A 2002 aka kafa SahelCom.

Akwai abu guda da ake mantawa idan ana ba da labarin waɗannan shekaru. Ba duka aka sayar ba. Gwamnati ta riƙe kashi 34 da ɗoriya, an ware wa ma'aikata kashi 3, an ware wani kaso ga ƴan kasuwa na gida. Ke nan ko a lokacin da ake cewa kamfanin na baƙi ne, sulusinsa na jama'ar Nijar ne, kuma suna da wakilai a majalisar gudanarwarsa, waɗanda ke ganin takardun lissafi kowace shekara. Wakilan nan ministansu suke kai wa rahoto. Tsanin nan na zamanin PTT yana nan yadda yake.

A waje kuwa duniya ta juya. Celtel ta fara aiki a 2001, cikin ƴan shekaru dogayen ƙarafunan rezo suka tsaya a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Ƙonni, daga nan suka shiga garuruwan kasuwa. Sabbin sana'o'i suka ɓullo, mai sayar da katin kiredi ƙarƙashin laima, mai cajin batir da ɗan injinsa ranar kasuwa, mai gyaran salula. Wata malamar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsin Nijar na tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa inda waya ta shiga, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin ɗan kasuwa ya daina hawa mota don kawai ya ji nawa tiyar hatsi take a wani gari. Kuɗin da ke cikin wannan harka ba ƙanana ba ne. A 2005 Mo Ibrahim da abokan jarinsa suka sayar da Celtel ta Afirka duka ga wani kamfanin Kuwait a kan dalar Amurka miliyar 3,4. A 2010 kamfanin Bharti na Indiya ya sayi rassan Afirka na wannan gida, wanda lokacin ake kira Zain, a kan miliyar 10,7, sunan ya koma Airtel. A nan gida, a ƙarshen 2007, Orange ta biya miliyar 30 na sefa don lasisi kawai, tun ba ta kafa ƙarfe ko ɗaya ba. Wanda ya biya wannan kuɗi ya san akwai abin da zai ɗiba.

SahelCom, mai lambar da ke farawa da 93, ta shiga wannan kasuwa tana da abin da sauran ba su da shi: filaye da gine-gine a tsakiyar kowane babban gari, ƙwararrun ma'aikata da suka daɗe a aikin, da uwa mai riƙe da hanyoyin kiran waje. Amma ita ce ta zo baya. Rezonta bai kai inda na sauran ya kai ba, ƙungiyoyin ma'aikata suka yi ta koke, jama'a kuma suka yi abin da mai saye ke yi, suka sauya layi ba tare da gardama ba. A watan Fabrairu na 2009 gwamnatin Tanja Mamadu ta bayyana cewa masu jarin ba su cika alkawuransu ba, ta karɓe ragamar kamfanonin biyu da niyyar neman wani mai saye. Kafin a same shi sojoji suka kifar da ita ranar 18 ga Fabrairu 2010. A ƙarshen mulkinta, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salu Jibo ta ƙulla ciniki da wani kamfanin Libiya dabam, LAP Green, a kan miliyar 31 don kashi 51 ɗin nan. Sai yaƙi ya ɓarke a Libiya a 2011, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka daskarar da dukiyar gwamnatin Gaddafi, kuɗin ba su zo ba, gwamnatin Isufu Mahamadu ta warware cinikin. Ƙuri'ar watan Mayu na 2012 ita ce ƙarshen wannan kai da kawo.

Ba Nijar kaɗai ta shiga irin wannan ciniki ba. Zambiya ta sayar wa LAP Green kashi 75 na kamfaninta Zamtel a 2010. Da sabuwar gwamnati ta hau a 2011, sai ta kafa kwamitin bincike a kan yadda aka yi cinikin, aka baza sakamakonsa, sannan ta karɓe kamfanin a watan Janairu na 2012. Ana iya zargin wancan bincike da siyasa, an ma zarge shi, amma ya bar wa ƴan ƙasar abin da za su yi gardama a kai. A Nijar muhawarar da ta fi ƙarfi ita ce wa zai riƙe kamfanin, baƙo ko gwamnati, kuma kishin ƙasa ya sa amsar ta zo da sauƙi. Tambayoyin da suka fi wuya aka bi ta kansu da sauri: me aka alkawarta a 2001, me aka cika, nawa kaso 34 na gwamnati ya kawo wa baitulmali cikin shekara bakwai da ɗoriya, bashi nawa aka tarar, kuma wa zai biya shi? Amsar ta ƙarshe ce kaɗai ba ta ɓuya ba, domin bashin kamfanin gwamnati a kan mai biyan lanho yake sauka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A watan Satumba na 2016 aka narkar da SONITEL da SahelCom a cikin kamfani guda, Niger Telecom. A rahotannin hukumar sa ido na farkon shekarun 2020, rabonsa cikin masu layin salula bai kai kashi 10 cikin 100 ba, shi ne ƙarami a cikin kamfanoni huɗu. Mai karatu na iya cewa, to in haka ne maganar riba ta ƙare, wanda bai samu ba me zai raba? Sai dai faɗuwa ta fi riba bukatar bayani, tun da ita ce ake biya. Ban da haka, ribar kamfanin gwamnati ba lamba ba ce da ke faɗowa daga sama, ta danganta da abin da aka ɗora masa da abin da aka hana shi. Idan an ce ya kai rezo wani gari mai nisa inda ɗan kasuwa ba zai je ba, wannan hidima ce, ya dace a rubuta kuɗinta a fili a ce ga abin da ta ci. Idan ma'aikatu sun yi kira ba su biya ba, wannan tallafi ne da kamfani ke ba gwamnati a ɓoye. Idan an ɗauki ma'aikata don wani ya yi magana ba don aiki ya bukata ba, wannan ɓarna ce. Dukansu uku a ƙasan shafi suna fitowa da suna ɗaya, hasara, kuma muddin ba a rarrabe su ba, mai ɓarna zai ɓuya bayan mai hidima. Ga kuma dukiyar da ba ta bayyana a yawan masu layi, wato zaren fiba da aka binne tsakanin manyan garuruwa da kan iyakoki, wanda wasu kamfanoni ke haya, da wanda aka shimfiɗa daga baya da kuɗin bankin raya Afirka, BAD, a shirin ratsa Sahara. Wannan rijiya ce da za a daɗe ana sha, kuma da sunan jama'a aka gina ta.

Doka ba ta yi shiru a kan lissafi ba. Nijar na cikin ƙasashen OHADA, waɗanda dokar kasuwancinsu ta wajabta wa kamfani mai hannun jari ya sami mai binciken lissafi daga waje, ya kira babban taron masu jari cikin wata shida bayan rufe shekara, ya ajiye takardunsa a rajistar kasuwanci. Amma idan mai jari ɗaya ne, babban taron ƴan mutane ne a ɗaki guda, dukansu ma'aikatan gwamnati. Gwamnati ita ce mai kamfani, ita ke naɗa shugabansa, ita ke naɗa masu sa masa ido, ita ke karɓar lanho a hannunsa, ita ce mai cin bashinsa. A 2017 hukumar sa ido, wadda lokacin ake kira ARTP kafin ta zama ARCEP a 2018, ta ci kamfanonin huɗu tarar fiye da miliyar 3 saboda rashin ingancin rezo, har da Niger Telecom. Ga sauran ukun tara ce, ga na huɗun kuwa an ciro daga aljihun dama an saka a na hagu.

Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya yi wani abin a zo a gani. Ya tsayar da kotun binciken kuɗin ƙasa mai zaman kanta, sannan aya ta 150 ta ce a buga yarjejeniyoyin haƙar ma'adinai da man fetur a jaridar gwamnati, da kuɗin da kowane kamfani ya zuba wa baitulmali, ɗaya bayan ɗaya. A watan Fabrairu na 2011 aka ƙara da dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma. Gwagwarmayar shekaru a kan uraniyum ce ta haifi wannan aya, shi ya sa hankalinta ya tafi ga abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Amma igiyoyin iska da kira ke bi su ma dukiyar ƙasa ce mai iyaka, wadda hukuma ke yanka tana ba da haya na shekaru, ba su kuwa sami aya irin wannan ba. Kundin kansa an dakatar da shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

Kada a ce jama'a ba su damu da lambobi ba. Kasafin kuɗin 2018 ya soke wani lanho da ake karɓa a kan kiran da ke shigowa daga ƙasashen waje, wanda aka sani da TATTIE, mai kawo kimanin miliyar 20 a shekara, a daidai lokacin da aka ɗora wa talaka sabbin haraji. Ƙungiyoyin fararen hula suka fita zanga-zanga a Yamai da Damagaram da wasu garuruwa, a watan Maris na 2018 aka kama jagororinsu, cikinsu har da Musa Cangari da Ali Idrisa da Nuhu Arzika, suka yi watanni a tsare. Kasafin 2019 ya dawo da lanhon. Mutanen da ba su taɓa buɗe jaridar gwamnati ba sun riƙe sunan TATTIE da adadinta, domin an sami waɗanda suka bayyana musu ita da Hausa da Zabarmanci a rediyo. A ƙarshen 2018 ɗin kuma ma'aikatar lanho ta rufe ofisoshin Orange a kan miliyar 22, da na Airtel a kan miliyar 62. Orange ta sayar da reshenta a 2019 ga wasu ƴan kasuwa, ya zama Zamani Telecom. Ko mene ne gaskiyar waɗancan lambobi, abin ya nuna cewa hukuma ta san yadda ake tilasta wa kamfanin waya ya buɗe littafi, in kamfanin ba nata ba ne.

Duban maƙwabta yana hana mutum yanke hukunci da gaggawa. Senegal ta sayar da wani kaso na Sonatel ga France Télécom a 1997, ta riƙe fiye da rubu'i, a 1998 kuma aka shigar da kamfanin kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan. Tun daga nan dole ne ya buga lissafinsa kowace shekara, kowa na iya sanin ribarsa da abin da ya faɗa wa gwamnatin Senegal. Barkina Faso ta bi wannan hanya da Onatel, ta sayar da kashi 51 ga Maroc Telecom a 2006, ta sayar wa jama'a wani kaso, kamfanin ya shiga BRVM a 2009. Habasha kuwa ta ƙi sayarwa, Ethio Telecom ya zauna shi kaɗai har zuwan Safaricom a 2022, yana cin riba, yana kuma kiran ƴan jarida ya faɗi abin da ya samu, a 2024 ma aka yi wa ƴan ƙasar tayin kashi 10. Daga kudu ga Najeriya, inda NITEL da reshensa M-Tel suka bi ta hannun Pentascope a 2003 da Transcorp a 2006, gwamnati ta karɓe a 2009, daga ƙarshe aka sayar da abin da ya rage a gwanjo. Mutanen Maraɗi da ke zuwa Katsina sun ga gine-ginensa a rufe. Akwai na gwamnati da ya rayu, akwai wanda ya mutu, akwai wanda aka sayar ya bunƙasa, akwai wanda aka sayar ya lalace. Abin da ya fi raba su shi ne ko akwai wata rana a shekara da dole shugaban kamfani ya tsaya gaban waɗanda ba shi ya zaɓe su ba, ya karanta lambobi. Malamin lakkol a Tawa mai intanet a salularsa ya fi saurin samun rahoton shekara na Airtel Africa, wanda ya shiga kasuwannin hannun jari na London da Legas a 2019, a kan na kamfanin da doka ta ce nasa ne.

Maganar ta ƙara nauyi a ƴan shekarun nan, domin hannun gwamnati yana ƙara faɗi. A farkon 2024 aikin rarraba ruwan famfo ya fita daga hannun SEEN ya koma kamfanin ƙasa, a watan Yuni na 2025 aka ba da sanarwar mayar da SOMAÏR ta uraniyum mallakar ƙasa. A watan Maris na 2025 kuma sabon kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Waɗannan abubuwa biyu suna da mahaɗa wadda ta shafi malamai da ƙungiyoyin raya al'adu kai tsaye. Lissafin da aka buga da Faransancin akanta, a takardar da ba ta fita Yamai, an buga shi ne ga mutum ɗari. Hausa ba ta rasa kalmomin wannan aiki ba, tana da jari da uwar kuɗi, riba da faɗuwa, bashi da lamuni, rara da giɓi, ma'aji da amana. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, da waɗannan kalmomi suke zama da yaransu su yi lissafin miliyoyi.

An ma taɓa gwada abin a ƙasar nan, a kan gyaɗar da aka ambata a baya. Daga tsakiyar shekarun 1960, hukumar UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma ta fara barin ƙauyukan yankin Damagaram da Maraɗi su riƙe kasuwannin gyaɗarsu da kansu. Manoma suka zaɓi mai awo da magatakarda daga cikinsu, azuzuwan yaƙi da jahilci suka koya musu karanta sikeli da rubuta lambobi da Hausa. In kaka ta ƙare a tara gari, a karanta buhu nawa aka saya, bashin iri nawa aka biya, nawa ya saura, sannan a raba rarar gaban idon kowa. Tsarin bai rasa aibi ba, masu faɗa a ji sun sha karkatar da shi, kuma lissafin ya tsaya a bakin ƙauye, bai hau zuwa littafin SONARA ba. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, suka karya kasuwar, sikeli da yawa suka yi tsatsa a mangaza. Jikokin waɗancan magatakardan su ne yau ke danna ƴan lambobi a salula, cikin ƙiftawar ido kamfani ya gaya musu ragowar kiredinsu har dala ɗaya.